Ma'anar majanyi, ƙyallen da ke riƙe da goyo

Majanyi, wanda wasu ke kira majayi, shi ne ƙyallen da mace ke ɗaurawa a kan zanen goyo don ya tallafe yaro a bayanta. Masu haihuwar fari da yawa a yau suna haɗa shi da zanen goyo a suna ɗaya, alhali kowanne da aikinsa. Zani shi ke rufe yaro tun daga wuya har ƙafa, a soke shi a saman ƙirji. Majanyi kuwa bai kai zani faɗi ba. Ana ratsa shi ta ƙarƙashin mazaunan yaro, a zagayo da bakinsa biyu a ƙulle a gaba. A kansa nauyin yaron ke zama, shi ya sa mai goyo take daka, ta sunkuya ta yi shara, yaron yana barcinsa. Shawul shi kuma na naɗe jariri ne, wanda 'yan barka ke karɓarsa a ciki hannu zuwa hannu.

Asalin majanyi saƙar hannu ce, kuma galibi ta mata. Maza suna saƙa tsiri-tsiri, faɗin tafin hannu, sannan a haɗa da ɗinki. Mata kuwa a cikin gida suke kafa masaƙarsu a tsaye, jingine da bango, ƙyallen ya fito da faɗinsa gaba ɗaya. Kafin a kai ga masaƙa akwai doguwar hanya: a gurje auduga a fitar da angurya, a shiɓe ta da baka, sannan tsohuwa ta zauna da mazari, tana dangwalar alli a yatsu tana kaɗi, har abawa ta taru. In ana son launi sai a kai zaren marina a tsoma a baba, irin rinin da har yanzu ake yi a Ƙofar Mata a Kano. A ƙarshe a bar geza a baki biyu.

Ni dai a ganina babu abin da ya kama ƙafar wannan saƙa wajen goyo. Tana da ɗan kaushi, don haka tana kama jikin atamfa ba ta zamewa. Ba ta talewa in yaro ya yi nauyi, kuma auduga ce zalla, iska na ratsa ta. Wanki ma ƙara mata laushi yake yi. Tawul ɗin da ya maye gurbinta a gidaje da yawa yana da araha, ana samunsa ko'ina daga Kantin Kwari har kasuwar ƙauye, amma yana tara zafi, da bazara sai ka ga bayan yaro ya feso da ƙuraje.

Wani abin kuma shi ne hannun da majanyin yake fitowa. Yarinyar da ta je wankan gida, uwarta ko kakarta ce ke ɗora mata goyon farko, tana riƙe da kan jaririn tana cewa, "Sunkuya sosai, 'yar nan, ja zanin ya tare masa wuya." Sau da yawa a ranar ce ake buɗe akwati a ciro majanyin da aka goya ita mai jegon da shi. Turamen atamfa da sabulai na barka za su ƙare kafin yaye, shi kuwa yana nan sai ya goya ƙanne.

Masu saƙa a masaƙar tsaye sun yi ƙaranci, amma sana'ar hannu ba ta bar ɗakin mai jego ba. Mata da 'yanmata suna saƙa shawul da hula da safa ta amfani da kwarashi da zaren ulu, suna tallarsu a WhatsApp da Instagram, musamman in hunturu ya gabato. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake taya musu kaya da farashin na kamfani, bayan shawul guda yana cin kwanaki ana saƙa shi ido-ido. Wadda aka kawo wa irin wannan kyauta ta wanke ta da hannu da sabulu marar ƙarfi, ta shimfiɗa a inuwa, don ratayewa a igiya yana sa saƙar ulu ta tale. In za a naɗe jariri a ciki, a bar fuskarsa a buɗe, kuma kada a jibga masa ulu da rana tsaka.