Tsakanin Mai Gida da Ɗan Haya: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin rigimar haya da na gani, a ranar farko aka shuka ta. Mutum biyu sun yi magana a tsaye a ƙofar gida, an ba da kuɗi an karɓi makulli, kowa ya tafi da abin da ya fahimta. Bayan shekara guda sai a rasa wanda ya tuna abin da aka ce daidai. Dokar haya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga jiha zuwa jiha, amma tushenta kusan ɗaya ne, kuma tambayoyin da ke damun mutane ba su cika sauyawa ba.

Idan na kama haya, me na saya da kuɗina?

Zama ka saya. Ginin yana nan a matsayin mallakar mai gida, amma ikon kwana a ciki da rufe ƙofa ya dawo hannunka har wa'adin ya cika. Daga wannan rabon sauran ƙa'idoji suke fitowa. Nauyin mai gida ne ya miƙa maka wurin da mutum zai iya zama, ya kuma bar ka ka zauna lafiya. Nauyinka ne ka biya a kan lokaci, ka kula da gidan, ka yi amfani da shi a kan abin da aka amince, ka mayar da shi yadda ka same shi. Abin da ya sa hukumomi ke sa baki a wannan ciniki fiye da sauran shi ne muhalli ba kamar kowace haja ba ne. Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta ambaci muhalli a sashe na 25, tare da abinci da sutura da magani.

Ba mu rubuta komai ba, da baki muka yi. Shin akwai yarjejeniya a tsakaninmu?

A ƙasashe da yawa akwai, musamman idan hayar ta ɗan gajeren lokaci ce. Matsalar ita ce hujja. Ranar da aka tsaya gaban alƙali, maganarka da ta mai gida nauyinsu ɗaya, sai wanda ya fito da takarda.

Ba dole ne takardar ta yi tsawo ba. Ta ƙunshi sunayenku, da adireshin gidan da ɗakunan da aka ba ka, da kuɗin haya da ranar biya, da ranar da hayar ta fara da ranar da za ta ƙare. A rubuta wanda zai biya wuta da ruwa da kwasar shara, da wanda gyara ke kansa, da tsawon notis idan ɗaya yana son rabuwa. Kowa ya sa hannu, shaidu su sa, kowa ya riƙe nasa kwafin. In an riga an shiga ba takarda, to a riƙe rasit na kowane biya, ko saƙon banki, kuma a tabbata rasit ɗin ya nuna watannin da kuɗin ya biya. Wanda ya kama ta hannun dillali ya nemi tabbacin cewa mai gidan ne ya wakilta shi. Mutane da dama sun biya haya ga wanda ba shi da ko bulo ɗaya a gidan.

Kuɗin ajiya da ake karɓa kafin a shiga, na waye?

Na ɗan haya ne, amana ce a hannun mai gida. Ana riƙe shi don cike ɓarnar da ɗan haya ya yi ko bashin da ya bari, saura kuma a mayar masa. Saboda yawan cinye wannan kuɗi, ƙasashe da dama sun yi masa iyaka. A Jamus bai wuce kuɗin hayar wata 3 ba, kuma ɗan haya na iya biyan sa kashi uku. A Faransa, gidan da ba kaya a ciki wata 1 ne. A Ingila, tun 2007 dole mai gida ya sa kuɗin a tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi, dokar 2019 kuma ta taƙaita shi zuwa kuɗin mako 5 a yawancin gidaje.

Inda ake samun saɓani shi ne bambance ɓarna da tsufa. Fenti da ya dushe bayan shekara huɗu, ko hannun ƙofa da ya saki don yawan buɗewa, tsufa ne, kuma kuɗin hayar da ka biya ya riga ya ɗauke shi. Gilashin taga da yaro ya fasa da ƙwallo ɓarna ce, kai za ka biya.

Na taɓa rasa rabin kuɗin ajiyata a kan wata tsaga a bangon banɗaki. Na gan ta tun ranar da na shiga, siririya ce kamar zare, ta taso daga bayan famfo zuwa taga. Ban ce komai ba don ina ganin ƙaramin abu ne. Ranar tashi aka nuna mini ita, ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Tun daga nan nake faɗa wa kowa: ranar karɓar makulli, kafin a shigo da ko tabarma, a zaga ɗaki-ɗaki tare da mai gida. A murɗa kowane famfo, a kunna kowane ƙwan lantarki, a ɗaga kai a dubi silin ko akwai tabon yoyo, a ɗauki hoton lambar mita. Sai a tura hotunan ga mai gida a ranar, don kwanan watan ya zauna a wayoyin ku biyu.

Mai gida zai iya neman kuɗin shekara biyu a dunƙule?

Ya danganta da inda kake. A yawancin ƙasashen Turai wata-wata ake biya. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana karɓar fiye da wata 6 a gaba, dokar Jihar Legas ta 2011 kuma ta hana karɓar fiye da shekara 1 daga sabon ɗan haya. Inda gidaje suka yi ƙaranci ana yawan take irin wannan doka, domin mai neman wurin kwana ba ya iya jayayya. Abin da zan ce shi ne, duk yawan abin da ka biya a gaba, a rubuta yadda za a mayar maka da saura idan ka tashi kafin lokaci.

Gyara a kan wa yake?

Abin da ya shafi jikin gini, wato rufi da bango da manyan bututun ruwa da wayoyin wuta da magudana, na mai gida ne. Ƙananan abubuwan yau da kullum, kamar sauya ƙwan lantarki ko share kwata, na ɗan haya ne. Sai dai akwai nauyi guda da 'yan haya ke mantawa da shi: sanarwa. Idan rufi ya fara ɗiga ka sa bokiti ka yi shiru har silin ya rufto, wani ɓangare na asarar zai iya dawowa kanka. A sanar da wuri, a rubuce.

Idan an sanar kuma mai gida ya yi kunnen ƙashi, zuciya takan ce a riƙe kuɗin haya. A yi hattara da wannan. Dokar Jamus ta yarda haya ta ragu gwargwadon lalacewar, amma a wurare da yawa wanda ya riƙe haya ya zama mai bashi, ya kuma ba da dalilin fitar da shi da hannunsa. Hanyar da ta fi tsira ita ce a samu amincewar mai gida a rubuce cewa ka gyara a cire daga haya, ka ajiye rasit na kaya da na ma'aikaci. In ya ƙi, sai hukumar da ke kula da haya ko kotu.

Tunda gidansa ne, zai iya shigowa duk lokacin da ya ga dama?

A'a. Yana da damar dubawa da yin gyara, amma da sanarwa kuma a lokacin da ya dace. A Ingila sa'a 24 ce a rubuce. Gobara ko fashewar bututu ne kawai irin abin da ke ɗauke wannan sharaɗi.

Ƙarin kuɗin haya fa?

Muddin wa'adin da aka rubuta bai cika ba, ba a ƙari, sai in takardar ta tanadi hakan. Bayan ya cika mai gida na da damar nema, domin shi ma tsadar gyara da haraji na kansa, kuma ga wasu masu gida wannan hayar ce kaɗai abin dogaro a tsufansu. Abin da ake buƙata shi ne sanarwa da wuri, yadda ɗan haya zai yi shawara ko ya nemi wani wuri. Wasu ƙasashe sun sa iyaka. A Jamus ƙari bai wuce kashi 20 cikin 100 a cikin shekara 3, a biranen da gidaje suka yi wuya kuma kashi 15.

Ɗan hayana ya daina biya. Zan iya sa kwaɗo a ƙofar ko in yanke masa wuta?

Na san zafin wannan. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi ya gina, wani yana ciki ba biya ba magana. Duk da haka amsar ita ce a'a. Sauya makulli, cire ƙofa, yaye kwano, yanke ruwa, watso kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma sukan mayar da mai gaskiya mai laifi. A Ingila dokar 1977 ta sa fitar da ɗan haya ta irin wannan hanya cikin laifuffukan da ake hukunta mutum a kansu.

Hanyar doka tana da matakai: takardar neman biya, sai notis na tsawon da doka ko yarjejeniya ta tanada, sai kotu, sannan jami'an kotu ne ke fitarwa. Tsawon notis yakan bi yadda ake biya ko daɗewar zama. Dokar Legas ta ba mai biya wata-wata wata 1, mai biya shekara-shekara wata 6, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu ba. A Jamus notis na mai gida wata 3 ne, ya zama 6 bayan shekara 5 da zama, ya zama 9 bayan shekara 8, amma bashin wata 2 na ba shi damar soke hayar nan take. Faransa ta hana fitar da mutane daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris saboda sanyi. Kuskure a notis, ko da na lissafin kwanaki ne, yakan sa kotu ta kori ƙarar a koma farko, don haka a nan kuɗin lauya ba asara ba ne.

Ga ɗan hayan da ya shiga matsi kuwa, ya je da kansa kafin ranar biya ta wuce, ya faɗi halin da yake ciki da ranar da zai iya biya. Masu gida da yawa na iya haƙurin jinkiri, abin da ke tunzura su shi ne ɓuya da ƙin ɗaukar waya.

An sayar da gidan ina ciki. Dole in tashi?

A dokoki da yawa sabon mai gida yana gadon hayar da sharuɗɗanta, har wa'adinka ya cika. Kada ka fara biyan sabon mutum sai tsohon ya tabbatar maka a rubuce, ka kuma tambayi hannun da kuɗin ajiyarka ya koma.

Zan iya ba wani hayar ɗaki ɗaya, ko in buɗe shago a ƙofar gidan?

Sai da izinin mai gida. Yin hakan a ɓoye saɓa yarjejeniya ne, kuma duk ɓarnar da wanda ka shigo da shi ya yi, kai za a tambaya. Haka fasa bango ko ƙara ɗaki: ko da kuɗinka ka yi, a rubuta tun farko ko za a cire maka daga haya, ko za ka mayar da wurin yadda yake ranar da za ka tashi.