Waiwaye: Shari'ar Tambari Tsakanin Gidan Scrope da Gidan Grosvenor

A shekarar 1385 Sarki Richard na Biyu na Ingila ya ɗaga da rundunarsa zuwa Sikotland. A sansanin yaƙin ne barade biyu suka tarar tambari iri ɗaya ne a garkuwarsu: shuɗin fili da ratsin ruwan zinariya a karkace. Ɗaya Richard Scrope ne na Bolton, babban mutum wanda ya taɓa riƙe hatimin sarki, ɗayan kuma Robert Grosvenor na Cheshire, wanda sunansa bai wuce lardinsu ba sosai. Kowanne ya ce gadon kakanninsa ne.

A zamanin nan wannan ba ƙaramar magana ba ce. Barden da ya shige cikin sulke da kwalkwali, da zanen garkuwarsa ake gane shi. Zanen nan ne a hatiminsa, da ƙofar gidansa, da kabarin mahaifinsa. Kamar tsagen fuska yake a wurinmu a da, da gani an san gidan da mutum ya fito. Wanda ya ɗauki tambarinka ya raba asali da kai ke nan.

Aka kai ƙara kotun barade, wadda baffan sarki, Thomas na Woodstock, ke shugabanta. Shari'ar ta ci shekara biyar, aka saurari shaidu ɗaruruwa. Shugabannin gidajen ibada suka bayyana inda suka ga tambarin a tagogin coci da kan kaburbura. Tsofaffin mayaƙa suka lissafa fagagen daga na Faransa da Sikotland inda suka ga 'yan gidan Scrope ɗauke da shi. John na Gaunt, wani baffan sarkin, ya tsaya wa Scrope. Cikin shaidun Grosvenor kuwa har da Owain Glyndŵr, wanda zai tayar wa Ingila bore a Wales a 1400.

Shaidar da ta fi burge ni ita ce ta mawallafi Geoffrey Chaucer a 1386. Ya ce wata rana yana wucewa ta titin Friday a Landan sai ya ga sabon allo rataye da wannan tambari, ya tambaya wane masauki ne ya rataya alamar Scrope. Aka ce masa ai ta wani barde ce daga lardin Chester, wato Cheshire, mai suna Grosvenor. Ya ce ran nan ya fara jin sunan. Ka ji irin hujjar da kotu ke aunawa: wa jama'a suka sani da tambarin, kuma tun yaushe.

Abin dariyar shi ne tinƙahon da ake yi da daɗewa. Grosvenor ya ce kakansa ya shigo da tambarin tare da William na Normandy, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Akwai ma na uku, gidan Carminow na Cornwall, da suka ce nasu tun zamanin Sarki Arthur ne, sarkin da labarinsa ya fi kusa da tatsuniya. Alhali a 1066 babu tambarin gado ko kaɗan. Sai a ƙarni na 12 al'adar ta kafu, kuma ɗaya daga misalanta na farko shi ne garkuwa mai zakokin zinariya da aka ruwaito Sarki Henry na Ɗaya ya rataya wa surukinsa Geoffrey na Anjou wajen 1128. Su duka asalin da suke so suka zana wa kansu, kotu kuma ta bi wanda ya fi manyan shaidu.

A 1389 aka ba Scrope gaskiya, aka yarje wa Grosvenor ya riƙe zanen amma ya kewaye shi da farin baki. Ya ƙi, ya ɗaukaka ƙara. A 1390 sarki da kansa ya ce irin wannan ɗan bambanci na 'yan uwan jini ne, su kuwa ba su haɗa komai ba. Dole Grosvenor ya koma damin alkama na zinariya a shuɗin fili, alamar tsofaffin masu sarautar Chester.

Zuriyarsa ba ta manta ba. Sun yi arziki da filayen Landan, suka sami sarautar Duke na Westminster a 1874, kuma dokinsu da ya ci sukuwar Derby a 1880 sunansa Bend Or, wato ratsin da aka ƙwace musu.

Daga baya hukuma ta tsare harkar. Richard na Uku ya kafa majalisar masu kula da tambura a 1484, kuma daga 1530 zuwa 1688 jami'anta suna zagaya larduna suna rubuta salsalar gidaje, suna tona asirin masu tambarin aro. Kotun baraden ba a rushe ta ba har yau. Zamanta na ƙarshe a 1954 ne, lokacin da hukumar birnin Manchester ta kai ƙarar wani gidan wasan kwaikwayo da ya sa tambarin birnin a saman labulensa da hatiminsa, kuma birnin ya yi nasara.