Ma'anar "zartar da hukunci": tafiyar da ke tsakanin takardar alƙali da kuɗinka

Ranar da alƙali ya ba kawuna gaskiya a kan kuɗin riɗinsa, har bayan isha'i ana shigowa gida ana yi masa barka. Buhu 12 wani ɗan kasuwa ya ɗauka a hannunsa da kaka, a kan zai kawo kuɗin in ya dawo daga Dawanau. Ya je ya dawo, ya sake komawa, kuɗi shiru. Mai unguwa ya sa baki, dagaci ya sa baki, daga ƙarshe sai da aka dangana da kotu. Mutumin bai ma musa ba. Aka rubuta hukunci, Kawu ya naɗe takardar a leda ya tura ƙarƙashin katifa, ya zauna jiran a kira shi ya karɓi kuɗinsa.

Wata 4 ba wanda ya neme shi. Da na raka shi muka koma, magatakardan kotun ya duba takardar ya ce, "Baba, ai ba ka nemi a zartar ba." Kawu ya dube shi ya ce, "Yaro, ashe bayan alƙali ya yi magana akwai sauran wata magana?"

Akwai kuwa, kuma ita ce wannan kalma. Yanke hukunci daban, zartar da shi daban, ko da yake a bakin mutane, har a rediyo wani lokaci, akan gauraya su. Yankewa ita ce alƙali ya ce wane yana bin wane kaza. Zartarwa ita ce a sa wannan magana ta zarce daga takarda ta isa aljihun mai haƙƙi, ko wanda ake bi yana so ko ba ya so. Daga tushen nan ne aka samu "majalisar zartarwa", wato masu aiwatar da abin da aka tsayar. Malaman fiƙihu da Larabci suna ce mata tanfizi. Da yawa in suka ji "an zartar masa da hukunci" sai ransu ya tafi kan kisa ko bulala, alhali zartarwar da ta fi shafar talaka ita ce ta bashi: kuɗin hatsi, kuɗin taki, cikon kuɗin bijimi, ladan aikin gini.

Ba sabon zance ba ne. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, ya gargaɗe shi cewa faɗin gaskiyar da ba za a zartar ba ba shi da amfani. Hukuncin da ya tsaya a leda ƙarƙashin katifa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Abin da ya fi ba mutanenmu mamaki shi ne kotu ba ta tashi da kanta ta bi maka bashi. Kai za ka koma ka nema, ka biya kuɗin da aka ƙayyade na wannan aiki, ka karɓi rasit. Kuma kai za ka nuna inda dukiyar take. Ma'aikacin kotu bai san mutumin yana da injin markaɗe a bayan tasha ba, bai san shanun nomansa suna gidan surukinsa ba. Wanda ya tafi neman zartarwa hannu rabbana, ba ya san komai game da abin da abokin shari'arsa ya mallaka, yakan dawo yana zagin kotu, alhali rabin aikin nasa ne.

Kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda su ne mafi kusa da mutumin ƙauye a Kano da Jigawa, suna da nasu ƙa'idojin aiki. Babbar kotu da kotun majistare kuwa suna bin wata dokar tarayya da ta samo asali tun 1945, kuma alƙaluman da zan kawo nata ne. A ƙarƙashinta, sai an kwana 3 da hukuncin kuɗi kafin a fitar da takardar kama kaya, in ba alƙali ne ya ba da izini na musamman ba. Mai haƙƙi yana da shekara 6 ya nemi a taɓa dukiya, shekara 2 in jikin mutumin ake nema, wato a tsare shi. In lokacin ya wuce, sai ya fara neman iznin kotu. Ba a zartarwa ranar Lahadi ko ranar hutun gwamnati, ba a yi kafin 6 na safe ko bayan 6 na yamma, sai da umarnin alƙali a rubuce.

Hanyar da aka fi sani ita ce kama kaya. Ma'aikatan kotu su zo da takarda, galibi da ɗan sanda saboda gudun rigima, su rubuta abin da suka ɗauka: babur, amalanke, injin ban-ruwa, buhunan hatsi, dabbobi. Ba a ranar ake sayarwa ba. Doka ta ba da aƙalla kwana 5 kafin a yi gwanjo, sai dai in kayan masu lalacewa ne kamar tumatir, ko mai kayan ne da kansa ya nemi a gaggauta. Kwanakin nan 5 suna da albarka, don a cikinsu ne kuɗin da aka rantse babu yakan fito, musamman in dangi suka ji za a buga wa kayan ɗan'uwansu ƙararrawa. In an sayar, a cire bashi da kuɗin ɗawainiya, ragowar ta koma ga mai ita. Dokar ta hana a taɓa tufafi da shimfiɗar mutum da na iyalinsa da kayan sana'arsa, amma ta ƙayyade ƙimar abin da aka kare ɗin a naira 10. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna yadda dokar ta tsufa, kuma a ganina ya kamata a ce tuni an gyara shi, don bai kamata a raba maƙeri da uwar maƙerarsa sannan a ce ya nemo kuɗin biya ba.

A nan ne kuma ake yawan tafka kuskure a ƙauye, don gidajenmu dukiya a cakuɗe take. Gadon da ke ɗakin matar mutum, da kwanukanta da keken ɗinkinta, kayan ɗakinta ne da iyayenta suka yi mata, ba a biyan bashin miji da su. Tunkiyar da ke ɗaure a turkensa mai yiwuwa kiwo aka ba shi. Hatsin rumbu mai yiwuwa na gandu ne, da haƙƙin ƙannensa a ciki. Duk wanda aka haɗa da kayansa yana da damar ya je kotu ya ce nasa ne, a tsayar da gwanjo sai an tantance. Mai bin bashin da ya nuna kayan da ya san ba na mutumin ba ne, ya ɗauki alhaki, kuma ya ja wa kansa wata sabuwar shari'a.

Gona da gida sai daga ƙarshe. Ba a zuwa kansu sai an nemi kayan da ake iya ɗauka an rasa, ko ba su isa ba, sannan a nemi izni na daban. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ma ta ce filin da ake riƙe da shi bisa al'ada, in kotu za ta sa a sayar ta wannan hanya, sai da amincewar gwamna. Masu cika baki a bakin kotu cewa gobe za su karɓe gonar wane, ba su san nisan tafiyar ba.

Akwai hanyar da lauyoyi ke kira ganishi, wadda yanzu ta fara amfani har a karkara tunda kusan kowane ɗan kasuwa yana da asusu. Ma'anarta, kuɗin wanda kake bi da ke hannun wani, banki ko wani da shi ma yake bi bashi, kotu ta ce a tsare su. Umarnin farko na wucin gadi ne, a kai wa bankin da wanda ake bi aƙalla kwana 14 kafin zama. In ba wani dalili da ya hana, a mayar da shi tabbatacce, banki ya biya ka kai tsaye. Shi ya sa tsohon alat ɗin da ya taɓa turo maka kuɗi da shi yake da daraja, don yana nuna bankinsa. In kuwa kuɗin suna hannun jami'in gwamnati ne a matsayinsa na jami'i, dokar ta ce sai an nemi amincewar antoni janar.

Sai ɗauri, wanda shi ne abin da mai jin haushi ya fi so ya ji. Kotu tana iya aika wa mutum sammaci ya zo ya yi bayanin abin da ya mallaka bisa rantsuwa. In ta ga yana da hali taurin bashi ne kawai, tana iya tsare shi. Amma ɗaurin ba ya goge bashin, kuma a dokar tarayyar nan kuɗin abincinsa a gidan yari a wuyan mai bin bashi yake. Fiƙihun Malikiyya ya raba wannan wuri sarai: a Risala an ce ana tsare wanda ake bi don a gano halinsa, amma babu tsarewa a kan wanda ba shi da komai. Hadisi ya kira jinkirin mawadaci zalunci, aya ta 280 a Suratul Baƙara kuma ta ce wanda ke cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Manomin da ambaliya ta cinye wa shinkafa a fadamar Haɗeja da dillalin da ke hawa sabon babur yana cewa "Allah ya hore", ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba, kuma zartarwar da ba ta bambance su ba ta kauce hanya.

Abu biyu a taƙaice. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa alkawarin ciniki kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Sannan jin cewa abokin shari'a ya ɗaukaka ƙara ba ya tsayar da zartarwa, sai in ya nemi umarnin dakatarwa an ba shi.

Shi Kawu, da ya fahimci zancen, bai yi gaggawa ba. Ya ɗauki mako 2 yana tambaya a hankali, har wani mai amalanke ya tabbatar masa mutumin yana da bijimai 2 da yake turkawa don kasuwar Alhamis ta Maigatari. Da aka sake zama, alƙali ya tambayi mutumin abin da ya mallaka, ya ce ba shi da ko akuya. Kawu ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, a tambaye shi jan sa da baƙin da ke gidan wansa." Mutumin ya sunkuyar da kai. Wan nasa ne ya tsaya masa, aka raba kuɗin kashi 3, a riƙa kawowa kotu ana ba da rasit. Kashi na ƙarshe ya shigo hannun Kawu ana gobe za a fara yankan sabon riɗi, bijiman kuma ba a kai ga taɓa su ba.