Me ake nufi da "kirisin" a wajen buga kati?

Duk wanda ya taɓa kai aikin katin biki Shomolu, unguwar masu madaba'a a Legas, ya san tambayar da mai inji ke yi: "Oga, za a yi kirisin ne ko a ninke haka?" Mutanenmu na Agege da Idi-Araba da yawa sai su ce a ninke kawai, gudun ƙarin kuɗi. Daga baya kuma a ga gindin katin ya dare, farin layi ya ratsa tawadar.

Kirisin shi ne a danna ƙarfe mai dakusasshen baki a daidai inda za a ninke takarda, alhali a ƙarƙashinta akwai ɗan kwarmi da takardar ke nutsewa ciki. Ba a yanka ta, hanya ake yi mata. Takarda mai kauri idan aka ninke ta da ƙarfi, bayanta ne ke miƙewa fiye da yadda zai iya, sai santsin da aka shafa mata ya fashe tare da tawadar da ke kai. Takardar ofis mai giram 80 (wato nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar) ba ta da wannan matsala. Amma katin gayyata yakan kai giram 250 zuwa 350, kuma da zarar takarda ta haura kamar giram 170, ninke ta ba kirisin kasada ce.

Ga inda ko wasu masu aikin suke kuskure: kirisin yana barin kwarmi a fuska ɗaya, ɗan tudu a ɗaya fuskar. Ido zai ce maka ka ninke ta cikin kwarmin. A'a, tudun ne zai koma ciki.

Sai maganar giren, wato kwanciyar zaren takarda, wadda a ganina ta fi komai muhimmanci. Lokacin da ake ƙera takarda a masana'anta, zarurukanta suna kwanciya ne ta gefe guda, yadda injin ke jan ta. Ninkin da ya bi kwanciyar zaren yana tafiya lami lafiya, wanda ya gitta shi kuwa karya zaren yake yi. Gane shi ba wuya. Ɗauki falle ɗaya ka ɗan lanƙwasa shi a tsaye, ka sake lanƙwasawa a kwance. Inda ya fi saurin ba ka haɗin kai, nan giren yake. Dole a duba wannan tun kafin a yanka babban falle, domin bayan an yanka an buga, bakin alƙalami ya bushe.

Na ga haka da idona a katin auren ƙanwata. Shuɗi ne mai duhu, an buga shi da injin dijital, wanda zafinsa ke tsotse damshin takarda, aka kuma ninke shi nan take a shago mai sanyin na'ura. Duk katin da na buɗe, farin tsagu kamar faso a dunduniya. Da muka sake bugawa, sai aka bar takardar ta huce ta sha iska, aka yi mata laminashin, wato aka manna mata siririyar leda, sannan kirisin. Ko ɗaya bai dare ba.

Idan katin naka arewa za a kai shi lokacin hunturu, ka nemi a ninke maka guda ɗaya a gabanka kafin a taɓa sauran, ka ɗaga shi wajen haske ka duba gindin ninkin.