Masu sayar da alam na gida a Damagaram: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tambayoyin nan su ne dai kullum, daga masu saye da kuma samarin da suka shigo sana'ar. Ga su wuri ɗaya. Wanda ya sake kawo ɗaya daga ciki, nan zan maido shi.

Alam yana hana ɓarawo shiga?

A'a. Kuka kawai yake yi. Katanga da ƙofar ƙarfe da kwaɗo su ne masu hana shiga. Aikin jiniya ta tashe ka, ta tashi maƙwabta. Duk mai sayarwar da ya ce maka "ɗaura wannan ka yi ta minshari", da ƙarya ya buɗe ciniki.

Mai sayarwa ya ce an fasa gida uku a layinmu cikin satin nan.

Waɗanne gidaje? Ya faɗi masu su. In ya kasa, ka leƙa wurin mai unguwa, ko ka tambayi masu zama fada a bakin layi, don su ba abin da ke wuce su. Wannan ita ce tsohuwar dabarar sana'ar: a tsorata Alhaji, a ce kayan saura biyu, a ce gobe kuɗin zai tashi. Wasu har sunan Kara-Kara suke ja a kowace ƙofa, kamar duk unguwar ɓarayi ce. Wannan ƙazafi ne a kan bayin Allah, kuma ba ya ƙara wa na'urarka inganci ko na dala.

An ce mini a haɗe yake da komisariya.

Akwatin alam ɗin da ake sayarwa a kasuwa lambobin da aka saka masa kaɗai yake kira ko ya tura wa saƙo, galibi biyar ko shida: taka, ta uwargida, ta ƙanenka, ta maigadi. Saka masa 17, lambar kiran 'yan sanda, ba ya nufin akwai yarjejeniya da 'yan sanda. In ya nace, ya nuna takarda: wane ofis, wa ke ɗaukar waya ƙarfe uku na dare, da me zai zo. Babu takarda, babu magana.

Wanda ya ɗaura mini ya hana ni lambar sirrin gyara, ya ce zan lalata. Cuta ce?

To, nan sai an zauna, domin amsar ba ɗaya ba ce.

Fara da sanin makullan da ke akwai, don yawancin masu saye ɗaya kawai suka sani. Akwai lambar mai gida, wadda kake kunnawa da kashewa da ita. Akwai lambar mai ɗaurawa, wadda ake shiga cikin tsarin da ita: a ƙara ido, wato na'urar da ke gane motsi, ko a cire, a canza lambobin da akwatin ke kira, a tsawaita daƙiƙun da yake ba ka kafin ya yi kuka. In akwai kyamara, akwai na uku, wato asusun da aka yi wa na'urar rajista da shi a salula.

A kan ta biyun, mai ɗaurawa yana da hujja, kada a zalunce shi. Mai gida ya ba yaro akwati ya latsa, yaro ya goge lambobin waya ko ya cire idon falo daga tsari, sai a kira mai sana'a tsakar dare a ce kayansa ba su da kyau, ya zo ya gyara kyauta don akwai garanti. Wani kuma bai gama biya ba, lambar ita ce jinginar da ta rage a hannun mai kaya. In an faɗa maka haka tun kafin ka biya, ka kuma yarda, ba zan kira shi cuta ba.

Amma in ka biya kuɗinka cif, sannan ka ji labarin lambar ranar da ka nemi wani ya duba maka, an ɗaure ka ne ba da saninka ba. Gobe mutumin ya tafi Agadas ko haƙar zinariya a Jado, wa zai shiga tsarin? Sai dai a mayar da akwatin yadda ya fito daga kamfani, a sake saita kowane ido ɗaya bayan ɗaya, ka sake biyan kuɗin aiki. Wasu akwatunan ma ana iya kulle su yadda ko hakan ba zai yiwu da sauƙi ba.

Matsakaicin da na fi gani da adalci: ya rubuta lambar, ya sa a ambulan, ya liƙe, ku duka ku sa hannu a kan bakin, ka ajiye. Ka buɗe kafin garanti ya ƙare, gyaran tsari ya koma wuyanka. Garanti ya ƙare, taka ce. In kuna da yarjejeniyar kulawa ta wata-wata, ko shago ne mai yara da yawa da kowa ke taɓa akwati, ana iya barinta wurinsa, muddin an rubuta cewa ranar rabuwa zai miƙa.

Kyamara kuwa babu sassauci. Kyamarori irin su Hikvision, asusun da ya fara yi wa na'urar rajista shi ne mai ita, sauran rabawa ake yi musu. Saboda haka da lambar wayarka za a yi, a gabanka, kai za ka zaɓi kalmar sirri. In yana bukatar gani don gyara, ka buɗe masa, ya gama ka rufe. Kada ka ce ai ɗan gidan wane ne. A Dalas ta Amurka, wani ma'aikacin kamfanin alam na ADT ya riƙa ƙara adireshinsa na imel a asusun masu gida, ya leƙa gidaje kusan 200 sama da sau 9,600 cikin shekara huɗu da rabi, har aka ɗaure shi a 2021. Can ma da dokokinsu. Mu nan gida ne mai matan aure da 'yan mata, tsakar gida kuma a buɗe take, a nan ake wanki, a nan ake kwana lokacin zafi. Mai sana'ar kirki da kansa zai ce maka kyamara ta tsaya a zaure da ƙofar gida da garejin mota, kuma zai karkatar da ita don kada ta haura katangar maƙwabci.

Alam ɗina kuka yake yi babu dalili, har maƙwabta sun daina fitowa.

Akwai dalili, Hajiya, kuma ba laifinki ba ne. Idon motsi zafin jiki mai tafiya yake gani. An yi shi don cikin ɗaki, a ɗaura shi kusan mita 2 da 'yan kai daga ƙasa, yana kaiwa kamar mita 12. Wanda ya kafa miki na ɗaki a tsakar gida mai tumaki da kyanwa ya san abin da zai biyo baya. Haka in ya fuskantar da shi ga taga mai rana ko kusa da murhu. Sai ƙofa: maganaɗisun da ake liƙawa tazarar da yake jurewa ba ta wuce santimita 1 zuwa 2 ba, kuma ƙarfe yana rage masa ƙarfi. Ƙofofinmu na masu walda ne, iskar hunturu ta girgiza su, jiniya ta tashi. Akwai mai kauri na ƙofar ƙarfe. Ya fi tsada, shi ya sa bai kawo ba. Ki kira shi ya canza, a aljihunsa.

Akwai kuma abin da ba sa faɗa: a watan Afrilu da Mayu, bango ya ɗauki zafi ya kusa kai na jikin mutum, idon yana raguwa da gani. A gwada da tsakar rana, ba da safe kaɗai ba.

Ya ce batirin yana shekara biyar.

A takarda, a ma'aunin zafi 25. Batirin dalma mai bolt 12, duk ƙarin zafi kamar 10 yana raba rayuwarsa biyu. Yi lissafin Damagaram da kanka. Ƙananan akwatunan da ba su da waya kuwa ɗan batirin cikinsu sa'o'i kaɗan yake riƙewa. Wanda ya ga yadda kuran ya yi bayan Najeriya ta yanke layi a Agustan 2023 ba sai an yi masa bayani ba. Kafin ka cika kuɗi, zare filogi a gabansa, ka bar shi dare ɗaya.

Ni mai sayarwa ne. In na faɗi duk wannan, wa zai saya?

Ɗan'uwa, hadisin algus da ke cikin Muslim a kan mai tsibin abinci ya zo, wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa. Batirin da ya kwana biyu a sito, da kayan da aka cire daga wani gida aka mayar kwali, su ne jiƙaƙƙenka. Sayar da na hannu halal ne, ka ce na hannu ne. Kuma kai da ka shiga har uwar ɗaka ka ga inda ake ajiya, ba a fada za ka je kana ba da labari ba.

La'adar da mai sayarwa yake ba maigadina ko mai gyaran wutata fa?

La'ada ba laifi ba ce. Laifin shi ne wanda ka aika ya zaɓo maka mai kyau ya karɓa a ɓoye, aka ɗora a kuɗinka. Tambaye shi kai tsaye.

In na fasa bayan kwana biyu, zai mayar mini da kuɗina?

A Faransa wanda aka bi gida aka sayar masa yana da kwana 14 ya janye, a Amurka kwana 3. Kada ka ɗauko wannan ka kai Kasuwar Dole. Abin da aka rubuta a faktir shi za ka riƙe: sunan kowane kaya da adadinsa, lambar da ke jikin akwati wadda ta yi daidai da ta kwali, watannin garanti, wa ke biyan batir, da sharaɗin mayarwa. A ce aikin jika 150 ne, ka riƙe 50 sai ya yi sati yana aiki.

Na riga na saya, ban yi ko ɗaya ba.

Kwantar da hankalinka. Yau ka canza lambar mai gida, don da yawa a 1234 ko 0000 ake barinsu. Ka duba jerin lambobin da akwatin ke kira, ka cire wadda ba ka sani ba. Sannan ka zaro layin da ke ciki ka duba da sunan wa aka yanke shi, kuma ko akwai kuɗi a kai. Kamfanin waya yana rufe layin da ya daɗe ba a sa masa kuɗi ba, akwatin kuma ba zai sanar da kai ba. Kowane farkon wata ka tayar da jiniyar da gangan, ka tsaya da salula a hannu har ta yi ƙara.