Mene Ne "Kason Kasuwa" a Gasar Sony, Microsoft da Nintendo?

Ranar Asabar da ta wuce ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida a Tudun Wada, waya a hannunsa, ya ce, "Kawu, wai mene ne kason kasuwa? Na ga ana ta cewa Xbox ba ta da kason kirki a Japan, amma a Amurka tana da shi. Raba musu ake yi ne?" Tambayar ta yi mini daɗi, domin kalma ce da ta cika labaran na'urorin gem a yanzu, kuma da yawa daga cikinmu muna tsallake ta ne ba tare da mun auna ta ba.

Ba wanda yake raba musu. Lissafi ne. A tattara duk na'urorin gem da aka sayar a wani wuri cikin wani lokaci, a ce shekara guda, a ɗauke su a matsayin ɗari. Sai a duba nawa ne na Sony mai PlayStation, nawa ne na Microsoft mai Xbox, nawa ne na Nintendo mai Switch. In sittin suka fito daga kamfani ɗaya, kasonsa kashi 60 cikin ɗari ke nan. Misali kawai na ba da. Kamar layin masu shinkafa ne a Kasuwar Barci: ba buhunan da mutum ya jibge a shago ake dubawa ba, cikin buhu ɗari da suka fita daga layin yau, nawa ne suka fita ta ƙofarsa? Shi ya sa ɗan kasuwa zai iya sayar da kaya fiye da bara amma kasonsa ya ragu, idan maƙwabtansa sun fi shi samun ƙari.

Sai dai mudun awon ba ɗaya ba ne. Wani yawan na'urori yake ƙirgawa, wani kuɗin da aka kashe, wani kuma yawan mutanen da ke kunna na'urar a wata. Kowane kamfani ya fi son mudun da zai fito da shi fes. Tun 2015 Microsoft ya daina bayyana adadin Xbox da yake sayarwa, saboda haka yawancin alƙaluman da ake yawo da su ƙiyasi ne na masu bibiyar kasuwa, irin su mujallar Famitsu a Japan da kamfanin Circana a Amurka.

Abin da ya fi muhimmanci, kalmar ba ta cika sai an faɗi a ina. Duba zamanin Xbox 360 da PS3, wato PlayStation 3. Xbox 360 ta fito a 2005, PS3 ta biyo baya a 2006, kuma da aka yi lissafin ƙarshe kusan kunnen doki suka yi a duniya, Xbox 360 wajen miliyan 84, PS3 wajen miliyan 87. Wanda ya tsaya a wannan jimilla zai ɗauka ko'ina kafaɗa da kafaɗa suka tafi. Ba haka aka yi ba. A Amurka da Ingila Xbox 360 ce a gaba. A yawancin ƙasashen Turai PS3 ce. A Japan kuwa Xbox 360 ko miliyan biyu ba ta kai ba. Japan gidan Sony ne da Nintendo, kuma Nintendo tsohon gida ne, a birnin Kyoto aka kafa shi tun 1889 yana buga katin karta. Tun da Xbox ta farko ta shiga Japan a watan Fabrairun 2002 mutanen can ba su karɓe ta ba. Na'urar ƙatuwa ce, sai da aka ƙera musu ƙaramin hannu na daban, wato abin da ake riƙewa a buga wasa, kuma irin gem ɗin da suka saba da su ba su da yawa a kanta.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Sega, wani kamfanin gem na Japan, a Barazil. Na'urarsa Master System ta sha kaye a hannun Nintendo a Japan da Amurka. Amma a Barazil, inda harajin shigo da kayan lantarki yake da nauyi, wani kamfanin gida mai suna Tectoy ya karɓi lasisi ya fara haɗa ta a can tun 1989, yana fassara gem zuwa yaren Fotugis, yana tallata ta kamar kayan gida. Sega ya bar ƙera na'urori a 2001 bayan na'urarsa ta ƙarshe, Dreamcast, ta kasa kai labari, amma a Barazil an ci gaba da sayar da Master System shekaru da yawa bayan haka. A ƙasar Sin kuma doka ce ta yi magana: daga 2000 aka haramta sayar da na'urorin gem, sai a 2014 aka fara sassautawa, kafin nan mutane sun riga sun saba da kwamfuta da waya.

To me ya sa ake wannan kokawa? Saboda ba a jikin na'urar ribar take ba. PS3 a farkon fitowarta da asara Sony ya riƙa sayar da ita, kuɗin ƙera ta ya fi kuɗin da ake biya a kanti. Ribar tana zuwa daga baya: duk gem ɗin da aka saya ta shagon kamfanin na intanet, kusan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin nasa ne, ga kuɗin wata-wata da ake biya don buga wasa da abokai ta intanet. Wanda ya shigar da na'urarsa ɗakinka ya kama ka shekara shida ko bakwai. Kuma ba kai kaɗai ya kama ba, har abokanka, domin ba wanda yake son ya sayi abin da ba zai iya aron faifai a unguwarsu ba. Masu ƙirƙirar gem su ma inda jama'a suka taru suke kai kayansu. Kaso na jawo kaso.

Makaman da ake amfani da su sanannu ne. Akwai gem ɗin da ba ka samu sai a na'ura ɗaya, kamar Mario da Zelda a wajen Nintendo. Akwai sayen kamfanoni: a watan Oktoban 2023 Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard, masu Call of Duty, a kan kusan dala biliyan 69, kuma hukumomin Amurka da Ingila da Tarayyar Turai sun daɗe suna tankaɗe da rairaya kafin cinikin ya faɗa. A shari'ar da aka yi kan wannan ciniki Microsoft da kansa ya shaida wa kotu cewa shi ne na uku a kasuwa, bayan Sony da Nintendo.

Sai farashi, da sanin halin mai saye. A 2013 PS4 ta fito a kan dala 399, Xbox One a kan dala 499. Bayan tsadar, Microsoft ya fara da sanar da cewa sai na'urar ta leƙa intanet sau ɗaya a kowane awa 24, kuma za a taƙaita yadda ake sayar da faifan da wani ya riga ya yi amfani da shi. Jama'a suka yi caa, kamfanin ya janye tun kafin na'urar ta shiga kasuwa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. PS4 ta wuce miliyan 117. Duk wanda yake zaune a Kaduna ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalili. Na'urar da ke neman intanet kullum, kuma ta hana ka musayar faifai, ba da mu aka yi ta ba.

Na ja yaron muka gangara gidan gem ɗin da ke bayan layinmu. Rumfar kwano ce, benci biyu, talabijin huɗu a jere a bango, ƙaramin janareta yana kuka a waje saboda an ɗauke wuta tun hantsi. PS4 uku, PS3 ɗaya da aka ɗaure wayarta da salatif. Kowane allo ƙwallo ake bugawa, yara na ihun a ba su hannu in an cire wanda aka ci. Har yanzu FIFA suke cewa, duk da tun 2023 sunan ya koma EA Sports FC. Na tambayi mai wurin ko ya taɓa tunanin sa Xbox. Ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, in ta lalace wa zai gyara mini? PS kuwa ko hannu ne ya mutu, in na shiga kasuwa yau zan dawo da wani kafin la'asar."

Wannan amsa ta fi dogon sharhi. A nan garin, daga Kawo zuwa Rigasa zuwa Barnawa, in yaro ya ce zai je buga PS, gem yake nufi kowace iri ce, kamar yadda muke kiran kowane garin wanki Omo. Tushen abin tun zamanin PS2 ne, wadda ta fito a 2000 ta kuma zama na'urar da ta haura miliyan 155 a duniya. Ita ta cika gidajen gem, a kanta masu gyara suka koyi sana'a, a kan maɓallanta yatsun yara suka saba. Wanda ya tashi da maɓallan PS masu alamar alwatika da da'ira a ƙarƙashin babban yatsansa, da wuya ka canja masa hannu.

Amma ga inda abin yake damuna. A idon masu lissafin kason kasuwa, waɗannan na'urori huɗu na gidan gem ɗin ba a Kaduna suke ba. An riga an ƙirga su a Ingila ko Amurka ko Dubai ranar da mai su na farko ya saya. Daga baya suka biyo kwantena zuwa Legas, suka bi ta kasuwar Alaba, suka hau mota zuwa Arewa a matsayin na hannu. Wanda ma ya sayi sabuwa dal, in ya zo buɗe asusun PlayStation sai ya zaɓi Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu, ya nemi katin kuɗi na can ya loda. Duk abin da ya kashe, a littafin wata ƙasa ake rubuta shi.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Da waɗannan alƙaluma kamfani yake yanke shawarar inda zai buɗe wurin gyara, inda zai ba da garanti, inda zai sa farashi da kuɗin ƙasa, da yaren da zai fassara gem.  Mu muna da masu wasa, muna da masu gyara da za su buɗe PS4 su canja mata fanka a kan teburin katako, amma muna biya da dala, kuma duk ranar da naira ta faɗi mai gidan gem ne yake fara ji a jikinsa.

Kafin mu fita na tambaye shi batun PS5, wadda ta fito tun Nuwamban 2020. Ya ce yana tara kuɗi a adashe, amma ba sabuwa zai saya ba, yana jiran 'yan Turai su fara sakin nasu da yawa farashi ya sauko. Ɗan ƙanwata ya dube ni ya ce, "Kawu, ke nan ita ma an riga an ƙirga ta a can?" Na ce masa e, tun ranar da aka yanke kwalinta.