Waiwaye: Daga Gawon Tanimu zuwa Dutsen Termit, Wa Ke Riƙe da Lissafin Dajinmu?

A Damagaram, in ka ce wa dattijo "ma'aikacin gandun daji", abin da zai faɗo masa a rai shi ne mai kaki da ya tare shi a hanyar kasuwa da itace a amalanke, ya karɓe gatari, ya yanka masa tara. Da wuya ya tuna da wani mai littafi da alƙalami yana ƙidayar barewa a gindin dutsen Termit. Alhali ma'aikatarsu ɗaya, kakinsu ɗaya, baitulmali ɗaya ke biyan su. Yadda aka yi aikin kamu ya cika ido, aikin ƙidaya da sa ido ya koma ɗan bora, shi nake so mu bi daga tushe, saboda samarinmu da ke jiran konkur ɗin shiga wannan aiki su san gidan da suke ƙwanƙwasawa.

Kare itace da doka ba Bature ne ya koya mana ba. Har gobe ana ba da labarin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, cewa ya kafa doka mai tsanani a kan gawo: wanda ya sare shi a bakin ransa, wanda ya datse masa reshe ba dalili a bakin hannunsa. Manomi ya san hikimar. Gawo na zubar da ganye da damina, bai hana hatsi rana, ya bar taki a gindinsa, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. A wancan zamani ba a buƙatar rajista, don mai gari ya san itatuwan ƙasarsa kamar yadda ya san magidantanta.

Faransa ce ta mai da abin aikin ofis. Bayan an ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926, dokar gandun daji ta 1935 ta zo ta shafi duk yankunanta na Afirka ta Yamma. Aka keɓe dazuzzuka, aka jera itatuwan da ba a taɓawa, itacen da ke tsakiyar gonarka ya zama kana neman izni kafin ka sa masa gatari. Daga nan gaba ta shiga tsakanin manomi da dogarin daji.

Sai dai a wannan lokacin ne kuma aka yi abin da za a iya kira binciken sa ido na farko a yankinmu. Wani masanin dazuzzuka ɗan Ingila, Stebbing, ya yi ta yayata cewa Sahara na gangarowa kudu da gudu. A 1936 zuwa 1937 Faransa da Ingila suka haɗa kwamitin masana ya bi iyakar Nijar da Najeriya, ya taka ƙasa ya duba. Bai tarar da wannan gangarowa da ake faɗa ba. Abin da ya gani ɓarna ce ta sara da noma a wurare daban-daban. Ina son wannan labari, domin ya nuna tun da wuri cewa tsakanin abin da ake ji da abin da ido ya auna akwai tafiya.

Gandayen dabbobi sun fara ne nesa da mu. Gandun W, can kudu da Yamai a bakin kogin Kwara, ya zama babban gandun ƙasa a 1954, da faɗin hekta 220,000. Gadabeji a ƙasar Maradi ta biyo baya a 1955, gandun Ayir da Tenere kuma sai a 1988. Arewacin Gure da Tanut an bar shi haka nan, kamar ana ganin hamada ta isa ta tsare kanta.

Bayan 'yancin kai, dokar 1974 ta ɗora a kan ta Turawa ba tare da wani babban sauyi ba. Ga kuma fari, na 1973 da na 1984. Aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace tun 1975, kuma a 1984 Seyni Kountché ya tara ƙasa a Maradi kan yaƙi da hamada. Niyya ta yi kyau, amma ma'aunin aikin ma'aikaci ya zama yawan dashen da ya fito daga lambun reno da yawan tarar da ta shiga asusu. Nawa ne suka rayu bayan shekara uku, wannan tambaya ba ta cika samun mai yi ba. A cikin waɗannan shekaru na 1980 ne mariri, farar dabbar nan mai dogon ƙaho kamar takobi, ta ƙare a Nijar, a shekarar 2000 kuma aka bayyana cewa babu sauranta a dajin duniya baki ɗaya.

Abin da ya biyo baya a kudancin jiharmu ya isa a koyar da shi a kowace makarantar gandun daji. Daga tsakiyar shekarun 1980, manoman Magarya da Matamai da Mirya suka shiga barin tohon da ke fitowa a gonakinsu, su zaɓi mai ƙarfi, su gyara shi, su kare shi daga awaki. Wannan shi ne sassaben zamani. Kusan shekara ashirin ana haka, rahotanni na ci gaba da cewa itace na ƙarewa. Sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya jera hotunan jirgin sama na 1975 kusa da na tauraron ɗan adam na shekarun 2000, kuma Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokan aikinsu suka shiga ƙauyuka suka yi bincikensu na 2006, sannan aka gane cewa wajen hekta miliyan ɗaya ta farfaɗo a waɗannan gundumomi uku kaɗai, akasari gawo. A faɗin ƙasa aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Ma'aikatanmu suna ratsa gonakin nan kullum a kan babur, sun ga itatuwan da idonsu, amma takardar da aka ba su su cika ba ta da gurbin itacen da ba gwamnati ta dasa ba. Doka ta bi sawu a hankali: kundin dokokin karkara na 1993, dokar dazuzzuka ta 2004, sai ƙudurin 2020 da ya tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan abin da ya rena.

A arewa labarin ya juya. Can an ƙidaya, kuma ƙidayar ce ta haifi gandun. Tun shekarun 2000, ƙungiyar Sahara Conservation Fund tare da jami'an ma'aikatar muhalli suka riƙa shiga Termit da rairayin Tin Tumma. Suka tabbatar akwai adaks, farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho da ke iya daɗewa ba ta sha ruwa ba, wajen 200, wato garke mafi girma da ya rage a daji. Ga barewar dama, ga ragon dutse, ga tuji, ga manyan kunkuru. A kan waɗannan alƙaluma aka kafa gandun Termit da Tin Tumma ranar 6 ga Maris 2012, murabba'in kilomita 97,000 a jihohin Damagaram da Diffa da Agadas. Ya ninka W sau 44.

Yana da kyau mai sha'awar aikin ya san yadda ake yin sa. Ba yawon buɗe ido ba ne. Ana shata layuka a taswira, mota ta bi su daidai da na'urar GPS, a rubuta duk abin da aka gani: dabba, sawu, kashi, gawa, raƙuma nawa, rijiya, tayar motar da ba a san mai ita ba. Baɗi a sake bin layukan nan dai, a lokaci ɗaya na shekara, in ba haka ba kwatanci ya lalace. Ana ɗaure kyamarori a mashigar duwatsu su kwana suna ɗauka. Kuma babu wanda ya kai makiyayin Tubawa karanta sawu, shi ya sa ake ɗaukar wasunsu su zama idon gandun a wuraren da mota ba ta zuwa sai bayan watanni. Shugaban shirin ƙidayar kuwa, rabin aikinsa lissafin gazuwal da ruwa da taya ne, ɗaya rabin tsare bayanai, da tsayawa gaban manya ya faɗi abin da alƙaluma suka nuna ko da ba a so ji ba.

Ranar faɗin ta zo da wuri. Aikin man Agadem ya fara a 2008 da kamfanin CNPC na Sin, matatar SORAZ ta buɗe a nan kusa da mu a 2011, a shekarar da rikicin Libiya ya watsa makamai da motoci cikin hamada. A watan Maris 2016 aka yi bincike ta sama da ta ƙasa. Jirgi bai ga adaks ko ɗaya ba, masu bi ta ƙasa suka ga uku. Ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, ta ɗora alhakin a kan hayaniyar aikin mai da farautar da masu rakiyarsa ke yi. A 2018 gwamnati ta danƙa tafiyar da gandun ga ƙungiyar Noé ta Faransa na shekara 20. A watan Yuni 2019 aka cire ɓangaren da ya haɗu da filayen mai, a 2021 aka sake shata iyaka, gandun ya koma wajen murabba'in kilomita 86,000. Ba na cikin masu cewa ƙasa matalauciya ta bar manta a ƙarƙashin yashi. Amma da ba don an san 200 ne a da ba, da babu bakin cewa uku masifa ce, da kuma babu abin riƙewa a teburin shata iyaka.

To ina ma'aikacin gwamnati a cikin wannan duka? Hanyar shiga sananniya ce: makarantar raya karkara ta Kollo, sashen aikin gona na Jami'ar Abdou Moumouni, wasu kuma a tura su makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru, wadda ke horarwa tun 1970. Aikin na kaki ne, da muƙamai irin na soja. Akwai haɗari na gaske: harin Agusta 2020 a Kure, yankin raƙuman dawa da ke kusa da Yamai, ya ci rayuka takwas, yankin W kuma 'yan bindiga sun hana shi sakat. Amma ciwon da ya fi damuna ba a jin ƙararsa. Kusan duk ƙidayar da na ambata da kuɗin porje aka yi ta. Porje na ƙarewa, mota ta tsaya. A yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki daga Tasker, garin da ke yankin Termit, ya tafi da kwamfutarsa, wanda ya gaje shi ya fara daga farko. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da tallafi, kowa ya ga hatsarin ɗora irin wannan aiki a kan aljihun wani.

Kure ta nuna abin da dagewa ke yi. A 1996 raƙuman dawa 49 suka rage. Aka riƙa ɗaukar hoton kowane ɗaya dama da hagu, tunda zanen jikinsu bai taɓa zama iri ɗaya, ana sabunta kundin kusan kowace shekara. Bayan shekara ashirin sun kai wajen 600, har aka iya kwasar takwas zuwa Gadabeji a 2018.

Mu ma muna da wuraren da ba sai da jirgi ba. A Kelle, ƙasar Gure, ana renon jimina mai jan wuya da fatan mayar da ita daji. Tabkin Lasuri ya shiga jerin dausayin duniya na Ramsar a 2005, na Gidimuni a 2019. Kowane watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya, daidai lokacin da baƙin tsuntsaye ke sauka a tabkunanmu. Gidimuni na kan hanyar Gure, tafiyar safiya ce daga birni. Abin da ake buƙata babur ne da madubin hangen nesa, da ɗalibai biyu ko uku daga Jami'ar André Salifou, da layi guda a kasafin kuɗin ma'aikata da ba ya jiran baƙo. Sai kuma kabad a ofishin muhalli na Damagaram inda za a ajiye littafin bana kusa da na bara, a rubuta cikin takardar miƙa aiki cewa duk wanda aka canja wa wuri sai ya danƙa shi hannu da hannu kafin ya kama hanya.